Harbin Jelifish da Dalilin Yawaitarsa a Gaɓar Teku

Jelifish halitta ce ta teku mai laushin jiki, wadda ke shawagi a cikin ruwa tana buɗewa tana rufewa, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne zalla. Ba ta da ƙashi, ba ta da jini, ba ta da zuciya balle ƙwaƙwalwa, kuma idan igiyar ruwa ta jefo ta kan rairayi rana ta buge ta, kafin a jima ba abin da ke saura sai ɗan tabo mai ƙyalli. Amma wannan rarraunar halitta ce ta sa injina huɗu na tashar lantarki ta nukiliya da ke Gravelines a arewacin Faransa suka tsaya cak a watan Agusta na 2025, ita ce ta hallaka kifin samon fiye da 100,000 a wata gonar kifi da ke gaɓar Ailan ta Arewa a watan Nuwamba na 2007, kuma akwai nau'inta a arewacin Ostireliya wanda ke iya tsayar da zuciyar yaro cikin 'yan mintoci. Mazauna gaɓar teku sun daɗe suna son sanin yadda harbinta ke aukuwa, da kuma dalilin da ke sa a wayi gari ruwa ya cika da ita maƙil. Asalin al'amuran biyu yana cikin abubuwan da ido ba ya gani, domin harbin yana fitowa ne daga wani ƙunshi da sai da madubin ƙara girma ake iya ganinsa, yawaitar kuma tana farawa ne daga wata 'yar halitta da ke manne a ƙarƙashin duwatsu da ginshiƙan tashoshin jiragen ruwa.

Makamin da ke cikin zare

Jelifish ba ya cikin dangin kifi. 'Yan uwansa na kusa su ne murjani da wasu halittu masu kama da fure da ke manne a duwatsun teku, kuma burbushin da aka tono a cikin duwatsu ya nuna cewa wannan zuri'a ta haura shekara miliyan 500 a duniya. Jikinsa ya kasu biyu, wato sashen sama da masana ke kira lema, wanda yake matsewa ya saki domin tura kansa gaba, da kuma baki a ƙasan lemar tare da siraran zaruruwa da ke reto a bayansa. A jikin waɗannan zaruruwa akwai dubban ƙwayoyin halitta na musamman, kowace tana ɗauke da wani ɗan ƙunshi da ake kira nematosis, wanda a cikinsa akwai zare mai rami a naɗe, mai ƙayoyi a gindinsa, jiƙe da dafi. Ruwan da ke cikin ƙunshin yana cikin matsi mai tsanani, wanda ya ninka matsin iskar da ke kewaye da mutum fiye da sau ɗari, kuma a bakinsa akwai ɗan gashi mai jin taɓi. Da zarar wani abu mai rai ya goge shi, kuma ƙwayar ta ɗanɗana sinadaran da ke jikin fata, sai murfin ya ɓalle, zaren ya juye ciki ya koma waje, ya huda fata ya zuba dafinsa. Wani bincike da aka buga a 2006 ya auna matakin farko na wannan fashewa a wata 'yar uwar jelifish ta ruwan daɗi, ya gano cewa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, abin da ya sanya shi cikin motsi mafi sauri da aka sani a jikin mai rai.

Abin lura a nan shi ne harbin ba ya jiran shawarar halittar. Kowane ƙunshi gashin kansa yake ci, saboda haka mataccen jelifish da ke yashe a bakin ruwa yana harbi, guntun zaren da igiyar ruwa ta tsinke yana harbi, haka ma ragowar da ta maƙale a komar masunci tana iya ƙona masa hannu bayan an fito da ita tudu. Sannan kuma, idan zare ya manne a fatar mutum, kaɗan ne daga cikin ƙunshin da ke jikinsa suke fashewa a karon farko, mafi yawansu suna nan a ɗane. Wannan shi ne ginshiƙin duk wani taimakon gaggawa, kuma shi ne dalilin da ya sa yawancin dabarun da jama'a suka gada suke ƙara ta'azzara ciwon maimakon su rage shi.

Tsananin harbi ya danganta da nau'in da ya yi shi. Aurelia aurita, mai farar lema da zobba huɗu a tsakiya, wanda ya fi kowane yaɗuwa a tekunan duniya, da ƙyar harbinsa ke ratsa fatar mutum. Pelagia noctiluca na Bahar Rum, mai launin shunayya wanda ke haskawa da dare idan aka motsa shi, yana barin raɗaɗi da kumburi da tabon da kan yi makonni. Physalia physalis kuwa, mai shuɗiyar jakar iska da ke yawo a saman ruwa iska na kaɗa ta, a haƙiƙa tarin ƙananan halittu ne da suka haɗu suka zama jiki ɗaya, kuma zaruruwansa kan kai mita 10, wani lokaci har 30. Dafinsa yana da wani matsayi a tarihin likitanci, domin da shi ne Charles Richet da Paul Portier suka fara gwaji a 1901 a cikin jirgin ruwan Yarima Albert na ɗaya na Monako, gwajin da suka ci gaba da shi a kan karnuka da dafin wata halitta mai dangantaka da shi, har suka gano cewa jiki na iya yin mummunan bore ga ɗan ƙaramin dafin da ya taɓa haɗuwa da shi a baya. Wannan shi ne yanayin da likitoci ke kira anafilaksis, kuma a kansa aka ba Richet lambar yabo ta Nobel a 1913.

Mafi haɗari su ne masu lema mai kusurwa huɗu, waɗanda suka bambanta da sauran ta fuskar iya iyo da gangan da kuma idanu 24 da suke da su. A watan Janairu na 1955 wani yaro ɗan shekara biyar ya mutu a Cardwell da ke jihar Kwinslan bayan an harbe shi a ruwa marar zurfi, sai wani likita na garin Cairns mai suna Hugo Flecker, wanda ya daɗe yana tattara bayanan irin wannan mutuwa, ya nemi 'yan sanda su ja koma a wurin. Abin da aka kamo aka aika wa masani Ronald Southcott, wanda a 1956 ya bayyana shi a matsayin sabon nau'i, ya raɗa masa suna Chironex fleckeri. Babbansa na da zaruruwa har 60, kowane na iya kai mita uku, kuma da yake jikinsa garau yake kamar ruwan da yake ciki, mai wanka ba ya ganinsa sai ya ji shi. Dafinsa na huda ramuka a bangon ƙwayoyin jiki, ciki har da jajayen ƙwayoyin jini, sai sinadarin fotasiyam ya kwarara cikin jini, zuciya ta rikice ta tsaya. Fiye da mutum 60 aka tabbatar ya kashe a Ostireliya tun daga ƙarshen ƙarni na 19, akasarinsu yara, saboda ƙanƙantar jikinsu da taushin fatarsu. Ana samun irin wannan mutuwa a Filifin da Tailan da Indunusiya, inda kamun kifi a ruwa marar zurfi ya zama abincin yau da gobe kuma asibiti ke da nisa.

Akwai wani ciwon da ya fi wannan ɓoyewa, wanda Flecker ya raɗa wa suna Irukandji a 1952, da sunan wata ƙabila ta 'yan asalin yankin Cairns. Mutum kan ji ɗan tsikari da bai kai ya fito daga ruwa ba, sai bayan kimanin rabin sa'a ciwon baya mai tsanani ya taso, tare da amai, da gumi, da hauhawar jini, da wani irin firgici da marasa lafiya ke bayyanawa da cewa sun tabbata mutuwa ce ta zo. Ba a san mai haddasa shi ba sai a 1961, lokacin da likita Jack Barnes ya kamo wani ɗan mitsitsin jelifish da lemarsa ba ta wuce santimita ɗaya ba, ya ɗora shi a fatar kansa da ta ɗansa mai shekara tara da ta wani mai ceto a bakin teku, dukkansu uku suka kwanta a asibiti, suka kuma warke. Da a yau ne, babu kwamitin ɗa'a na bincike da zai amince da gwaji irin wannan, amma ya warware matsalar, kuma nau'in yana ɗauke da sunansa, Carukia barnesi.

Abin da ake yi wa wanda aka harba

Matakin farko shi ne a fito da mutum daga ruwa, domin raɗaɗi da firgita kan sa gwanin iyo ma ya nutse. Daga nan sai a hana ragowar ƙunshin fashewa. Ruwan daɗi, wato na famfo ko na gora, yana sa su fashe saboda bambancin gishiri, haka ma gurzawa da rairayi ko da tawul, haka ma barasa. Fitsari, wanda labarinsa ya bazu a duniya a matsayin magani, ba shi da wani amfani da aka tabbatar, kuma yana iya yin irin ɓarnar da ruwan daɗi ke yi. Ga masu lema mai kusurwa huɗu, abin da hukumomin lafiya na Ostireliya suka tsayar shi ne a kwarara ruwan khal a wurin na aƙalla daƙiƙa 30, wanda ba ya kashe raɗaɗin dafin da ya riga ya shiga, amma yana kashe ƙunshin da bai fashe ba, shi ya sa ake ajiye gorunansa a bakin rairayin arewacin Kwinslan. Ga wasu nau'o'in kuwa masana sun saɓa, domin akwai gwaje-gwajen da suka nuna khal na tayar da ƙunshin, don haka inda ba a san nau'in ba kuma ba yankin masu kisa ba ne, wankewa da ruwan teku da tsince zaruruwa a hankali ya fi aminci. Bayan haka, tsoma wurin a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45 a ma'aunin Salshiyas na minti 20, ya fi ƙanƙara rage raɗaɗin harbin Physalia, kamar yadda wani gwajin asibiti da aka buga a Ostireliya a 2006 ya nuna.

Tun 1970 ake da makarin dafin Chironex, wanda ake samarwa daga jinin tumaki, sai dai dafin kan riga makarin isa zuciya, saboda haka abin da ya fi ceton rai shi ne a fara danna ƙirji da hura numfashi nan take, a ci gaba har taimako ya iso. Rigakafin ma ba mai wahala ba ne, tunda zaren ƙunshin gajere ne ƙwarai, siririyar rigar iyo mai rufe jiki duka ta isa ta tare shi. Daga Nuwamba zuwa Mayu ana kewaye wuraren wanka da raga a garuruwan arewacin Kwinslan, ko da yake ƙananan masu haddasa Irukandji suna ratsa idon ragar su wuce.

Inda yawaitar ke farawa

Abin da ake gani yana shawagi, wanda masana ke kira medusa, rabin rayuwar halittar ne kawai. A yawancin nau'o'in gaɓar teku, namiji da mace suna sakin iri a cikin ruwa, ƙwan da ya haɗu ya zama 'yar tsutsa mai iyo, ita kuma ta nemi wuri mai tauri, galibi ƙasan wani abu inda laka ba ta taruwa, ta manne ta zama folif, wata 'yar halitta mai tsawon milimita kaɗan mai baki a sama. Folif na iya zama a wurin shekara da shekaru yana tsirar da 'yan uwansa ba tare da barbara ba, har su rufe fuskar dutse, kuma idan yanayi ya ƙi, wasu nau'o'in kan dunƙule su zama ƙwaya mai tauri su yi kwanton ɓauna. Sa'ad da zafin ruwa ya sauya yadda ya dace kuma abinci ya wadata, sai jikin folif ya rarrabu hawa-hawa kamar faya-fayan da aka jera ɗaya kan ɗaya, kowane ya ɓalle ya yi iyo ya zama jaririn medusa. Da yake duk folif ɗin yanki ɗaya suna amsa kiran yanayi ɗaya, miliyoyi kan fito a mako guda, kuma da yake jikinsu kusan ruwa ne, abinci kaɗan ke sa su ninka girmansu cikin 'yan kwanaki.

Wannan ya nuna cewa yawaita ɗabi'ar halittar ce tun asali, ba sabon abu ba ne. Wani lokacin ma ba ƙaruwa suka yi ba, iska da igiyar ruwa ne suka tattaro su wuri ɗaya, kamar yadda iskar da ke busowa daga teku ke tura dubban Physalia kan rairayin gabashin Ostireliya a lokacin zafi. A Waikiki da ke Hawai, wani nau'i mai kusurwa huɗu yana zuwa gaɓa kwana takwas zuwa goma bayan cikar wata domin hayayyafa, har hukumomi na buga kalandar ranakun. A Bahar Rum kuwa, bayanan da suka kai kusan ƙarni biyu sun nuna Pelagia noctiluca, wanda shi ba ya ma bi ta matakin folif, yana bayyana yana ɓacewa a zagaye na kimanin shekara 12, kafin zuwansa ya ƙara yawaita daga shekarun 1990. Abin da ke buƙatar bayani shi ne wuraren da yawaitar ta zo ta ƙi tafiya.

Darasin Namibiya

Babu inda al'amarin ya fito fili kamar gaɓar Namibiya. A can iskar kudu tana kore ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi da albarkatun abinci ya taso ya maye gurbinsa, musamman a kusa da Lüderitz, abin da ke haifar da ɗimbin filankton, wato ƙananan tsirrai da dabbobi masu shawagi waɗanda su ne tushen abincin teku. A da, kifin sadin shi ne babban mai cin wannan filankton, shi kuma tsuntsaye da manyan kifaye da sauran dabbobin ruwa suke ci. A shekarun 1960, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin Afirka ta Kudu, masana'antun garin Walvis Bay da manyan jiragen da ke sarrafa kifi a tsakiyar teku suka dinga kwasa babu ƙaƙƙautawa, har kamun 1968 ya kai kimanin tan miliyan 1.4. Cikin 'yan shekaru sadin ya durƙushe, kuma ko bayan samun 'yanci a 1990, da gwamnati ta kori jiragen ƙetare daga ruwanta ta kuma taƙaita kamu, bai farfaɗo ba.

Abin da ya cike gurbin shi ne jelifish iri biyu, jan Chrysaora da farin Aequorea. Binciken da Christopher Lynam da abokan aikinsa suka buga a 2006 ya ƙiyasta nauyinsu a wannan ruwa da tan miliyan 12.2, alhali na kifin da ake kamawa don kasuwa bai wuce tan miliyan 3.6 ba. Wajibi ne a karanta waɗannan alƙaluma da hattara, domin tan ɗaya na jelifish kusan duk ruwa ne, ba daidai yake da tan ɗaya na tsokar kifi ba, amma ko da an yi wannan rangwame, sauyin da ya auku babba ne. Yadda ya kafu kuwa shi ne abin tsoro. Sadin da jelifish abinci ɗaya suke ci, saboda haka raguwar ɗaya wadatar ɗayan ce, sannan jelifish na cin ƙwai da 'ya'yan kifi, don haka da zarar ya yi rinjaye sai ya toshe wa sadin hanyar dawowa. Filankton ɗin da babu mai cinye shi kuma sai ya nutse ya ruɓe a ƙasa, ya shanye iskar oksijin, har laka ta riƙa aman wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kashe kifi ta kuma kore ƙaguwa zuwa tudu. Jelifish na jure ƙarancin oksijin fiye da kifi nesa ba kusa ba.

Akwai wani ɗan kifi mai gemu, Sufflogobius bibarbatus, da ya ci ribar wannan hali, domin wani bincike na 2010 ya gano yana yini a cikin lakar da babu oksijin, inda maƙiyansa ba sa iya bin sa, da dare kuma ya taso ya fake a tsakanin jelifish, har ma yana cin naman jikinsu. Ta hanyarsa wani ɓangare na abincin yana komawa ga tsuntsaye da manyan kifaye, sai dai ba shi da maiƙon sadin, kuma tsuntsayen teku da ke ƙyanƙyasa a tsibiran Namibiya, irin su fengwin na Afirka, sun ragu matuƙa tun daga wancan lokaci.

Sauran dalilan ba su kai wannan fitowa fili ba, amma sukan haɗu su ƙarfafa juna. Takin zamani da ƙazantar birane da koguna ke kwasowa suna ciyar da filankton har ruwa ya yi duhu, kuma a ruwa mai duhu kifin da ke farauta da ido yana shan wahala, alhali mai farauta da taɓi bai damu ba. Gine-ginen da ɗan Adam ke kafawa a teku, irin su gadojin saukar jirage, da dandamalin haƙar mai, da kejin kiwon kifi da kawa, duk suna samar wa folif inuwa da wurin mannewa a gaɓoɓin da da can laka da rairayi ne kawai. Ɗumamar ruwa tana tsawaita lokacin hayayyafar wasu nau'o'in tana kuma faɗaɗa yankinsu, ko da yake ba kowane nau'i ne ke son zafi ba. Masu cin jelifish ma sun ragu, musamman babban kunkurun teku mai baya kamar fata, wanda kusan jelifish kaɗai ne abincinsa, kuma yakan haɗiye leda bisa zaton jelifish ne.

Sai kuma ɗaukar halitta daga tekunta a kai ta wani. A farkon shekarun 1980 ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗura wa cikinsu don daidaita nauyi ya kawo Mnemiopsis leidyi daga gaɓar Amurka zuwa Bahar Aswad. Wannan halitta mai kama da jelifish ce amma daga wani dangi dabam, ba ta harbi, da wani abu mai danƙo take kama abinci. Ta tarar da tekun da kamun kifi da ƙazantar kogin Danube suka riga suka raunana, kuma zuwa 1989 ta cika shi, kamun ɗan kifin nan da Turkawa ke kira hamsi ya faɗi warwas. Sauƙi bai samu ba sai da wata halittar mai cin ta, Beroe ovata, ta iso ta irin wannan hanya wajen 1997. A gabashin Bahar Rum kuma, Rhopilema nomadica ya shigo ta mashigin Suwez a shekarun 1970, kuma tun daga shekarun 1980 kowace bazara yana yin ayari mai tsawon kilomitoci masu yawa a gaɓar Masar da Isra'ila da Lebanon da Turkiyya.

A gabashin Asiya duk waɗannan dalilai sun taru a kan Nemopilema nomurai, wanda lemarsa kan kai mita biyu, nauyinsa kilo 200. A ƙarni na 20 sau uku aka rubuta babbar yawaitarsa a ruwan Japan, wato 1920 da 1958 da 1995, amma daga 2002 zuwa 2009 kusan kowace shekara sai ya zo. Ana haifarsa ne a ruwan da ke tsakanin Sin da Koriya, inda manyan koguna ke zubo taki kuma gaɓa ta cika da gine-gine, sai igiyar Tsushima ta kwaso shi zuwa tekun Japan, ya cika tarun masunta, ya danne kifin da ke ciki ya lalata shi da majina da dafi. A 2009 wani jirgin kamun kifi mai nauyin tan 10 ya kife a kusa da Ciba yayin da ma'aikatansa uku ke ƙoƙarin jawo taru cike da su, ko da yake an ceto su. Tashoshin lantarki da ke zuƙar ruwan teku don sanyaya injina su ma suna cikin masu asara, domin tarin laushin jiki na toshe matatansu. Haka ta faru a Torness ta Sikotilan a 2011 da Oskarshamn ta Suwidin a 2013, kuma a Disamban 1999 toshewar tashar Sual ta jefa yawancin tsibirin Luzon na Filifin cikin duhu, har jita-jitar juyin mulki ta bazu.

Daga irin waɗannan labarai ne aka gina zancen cewa jelifish na shirin gaje tekunan duniya, zancen da ya fi ƙarfin hujjar da ke hannu. A 2012 Lucas Brotz da abokan aikinsa a Kanada sun duba manyan yankunan teku 45, suka ga alamar ƙaruwa a kashi 62 cikin ɗari, sai dai wani ɓangare na bayanan daga rahoton masunta da jaridu ya fito. A shekarar da ta biyo baya wata tawagar ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Robert Condon ta tattara dogayen bayanan da aka auna, ta gano cewa yawan jelifish a duniya yana hawa yana sauka a zagaye na kimanin shekara 20, cewa hawan shekarun 1990 ne ya haifar da firgicin, kuma ƙaruwar da ta rage bayan an cire zagayen 'yar kaɗan ce. Binciken biyu ba sa ƙaryata juna. Matsakaicin lissafin duniya na iya zama a daidai alhali wasu gaɓoɓi sun sauya baki ɗaya, kuma waɗannan gaɓoɓi kusan kullum su ne waɗanda aka kwashe ƙananan kifayensu, aka cika su da taki, aka kafa musu ginshiƙai. Wannan ya sa labarin Namibiya ya shafi Afirka ta Yamma, inda kifin sadinela, wanda ake ƙyafewa a kai kasuwannin can cikin ƙasa, ya ragu ƙwarai a ruwan Gana tun daga shekarun 1990, kuma masana'antun garin kifi a Muritaniya da Sanagal da Gambiya ke niƙa shi don ciyar da dabbobi da kifin kiwo a ƙetare.

Dabarun da aka gwada na yaƙar medusa kai tsaye ba su yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Japan da Koriya ta Kudu sun ƙera taru mai wayoyin ƙarfe da na'urori masu daddatsa su a cikin ruwa, amma folif ɗin da ke ƙasan gada yana nan zai sake fitar da wasu a baɗi. Cin su ma ana yi, domin Sinawa sun fi shekara dubu suna sarrafa Rhopilema esculentum da gishiri da alif har ya yi ƙauri, kuma masunta a jihar Jojiya ta Amurka suna kama wani nau'i suna aikawa Asiya, sai dai nau'o'in da ke ciwuwa kaɗan ne, kuma ba lallai su ne masu addabar jama'a ba. Abin da ya fi amfani a aikace shi ne hasashe, wato lura da iska da zafin ruwa da ƙirga jarirai tun suna nesa, kamar yadda masanan Japan ke yi daga kan jiragen fasinja da ke zirga-zirga zuwa Sin, domin a gargaɗi masunta tun da sauran lokaci. Namibiya kuwa ta ɗauki matakin da ya shafi tushen matsalar a 2018, lokacin da ta haramta kamun sadin gaba ɗaya na shekara uku, kuma da wa'adin ya cika aka tsawaita haramcin saboda ƙididdigar masana ta nuna kifin bai kai yawan da za a sake buɗe kamu ba.